Vuk Karajic, Gurgun da Ya Tsaya wa Harshen Talakawan Sabiya

A 1822 aka kawo wani tsoho mai suna Miliya garin Kraguyevats, fadar Milosh Obrenovic, wanda ke riƙe da ƙasar Sabiya a ƙarƙashin Turkawa. Ba ƙararsa aka kai ba, ba kuma haraji ake bin sa ba. Wani gurgu ne mai ƙafar katako ya roƙi sarki a nemo masa shi, don ya ji an ce akwai wasu waƙoƙin mazan jiya da babu wanda ya iya su kamar wannan tsoho. Miliya ya manyanta, kansa duk tabon sara, ba ya iya faɗin waƙa da baki sai ya rera ta, ba ya kuma rerawa sai ya kurɓi barasa. Gurgun ya zauna gabansa da alƙalami, yana sa shi maimaitawa, yana rubutawa. Wajen mako biyu suka yi, waƙa huɗu aka samu. Fadawa kuwa me za su yi in ba dariya ba. Daga baya suka zuga tsohon, suka ce masa wannan mutum ba shi da aikin fari balle na baƙi, zai zaunar da kai amfanin gonarka ya lalace. Miliya ya sulale ya koma gida. Ɗaya daga cikin waƙoƙin nan huɗu, wadda ke ba da labarin jarumi Banovic Strahinya, yau ana karantar da ita a makarantun Sabiya, kuma masana suna sa ta a sahun gaba na adabin ƙasar.

Gurgun nan shi ne Vuk Stefanovic Karajic, wanda hotonsa ke kan takardar dinari 10 ta Sabiya. An haife shi a 1787 a ƙauyen Tirshic, kusa da garin Loznitsa, lokacin ƙasar tana hannun Turkawa tun ƙarni na 15. Ɗan wabi ne, yayyensa duk sun mutu suna ƙanana, shi ya sa aka raɗa masa Vuk, wato kyarkeci, don mayu su ji tsoron taɓa shi. Wani ɗan'uwansu, Yevto Savic, wanda shi kaɗai ya iya karatu a yankin, ya koya masa baƙaƙe. Aka kai shi gidan 'yan zuhudu na Tronosha don ƙarin ilimi, sai ya zamana kiwon da ake sa shi ya fi karatun yawa, uban ya je ya ɗauko ɗansa. Da ya nemi shiga makarantar Karlovtsi aka ce ya girma. Da Sabiyawa suka yi wa Turkawa bore a 1804 a ƙarƙashin Karajorje, Vuk ya zama magatakardan mayaƙa, ya ɗan zauna a Babbar Makarantar Belgrad da aka buɗe a 1808, sannan ciwo ya kama ƙafarsa ta hagu, gwiwar ta ƙage har ƙarshen ransa. A 1813 Turkawa suka murƙushe boren, shi kuma ya tsallaka zuwa Viyana, babban birnin Ostiriya, yana ɗan shekara 26, ba kuɗi ba takardar shaidar karatu.

Masu ilimin Sabiyawa a lokacin, mafi yawansu a ƙasar Ostiriya suke zaune, a garuruwa irin su Karlovtsi da Novi Sad da Pest. In za su yi rubutu, wani gauraye suke yi na tsohon harshen coci da Rashanci da ɗan abin da ya sawwaƙa na maganar gida. Ba shi da tsayayyar ƙa'ida, kowane marubuci da irin haɗinsa, kuma gwargwadon nisan rubutunka da maganar kasuwa, gwargwadon yadda za a ce ka yi karatu. Haruffan sun haura 40, wasu ba a furta su sam, wasu kuma biyu ko uku ne a kan sauti guda. Manomin da aka karanta wa irin wannan littafi sai dai ya gyaɗa kai don ladabi. Maganar da shi yake yi kuwa, malaman suna kiranta harshen masu kiwon aladu da shanu.

A Viyana akwai wani masani ɗan Sulobeniya, Yerney Kopitar, wanda gwamnati ta ɗora wa aikin tace littattafan harsunan yankin kafin a buga. Wani rubutu da Vuk ya yi a kan faɗuwar Sabiya ya biyo ta teburinsa. Kopitar ya ga abin da ya daɗe yana nema, wato mutumin da ke rubuta Sabiyanci yadda ake faɗarsa, saboda bai yi karatun da zai ɓata masa kunne ba. Ya nemo shi, ya ce ya rubuta waƙoƙin da ya taso yana ji a ƙauye, ya kuma tsara nahawu. A 1814 duka biyun suka fito, ƙaramin kundin waƙoƙi da ƙaramin littafin nahawu.

Sai ya koma kan haruffa. Ƙa'idarsa ita ce mutum ya rubuta yadda yake furtawa, ya karanta yadda aka rubuta, kowane sauti da baƙinsa guda. Ba shi ya fara wannan tunani ba. Wani Bajamushe, Adelung, ya riga ya faɗe shi a kan Jamusanci, kuma a 1810 wani malamin makaranta Basabiye, Sava Mirkal, ya fitar da ɗan littafi yana cewa a zubar da haruffan da ba su da aiki. Manyan coci suka taso masa har ya janye maganarsa, ya kuma ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali a Viyana a 1833. Vuk ya fi shi taurin kai. Ya zubar da haruffa 18, ya shigo da sababbi 6, a ƙarshe adadin ya tsaya a 30. Cikin shidan akwai J, wanda ya aro daga haruffan Latin. A kan wannan baƙi ɗaya tilo aka ce ya sayar da addininsa, wai 'yan Katolika ne suka saye shi don ya raba Sabiyawa da cocinsu na Otodoks.

Ƙamusunsa ya fito a 1818 da kalmomi 26,270, kowace da fassararta ta Jamusanci da Latin, wadda Kopitar ya taimaka da ita. Daga bakin mutane ya tsinto su, ba daga littattafai ba. A ƙarƙashin wasu kalmomin sai ka ga ya saki jiki ya yi bayanin yadda ake neman aure, ko yadda 'yan tawayen daji suke rayuwa, ko abin da mutanen ƙauye suka yarda da shi game da mayu. Kalmomin da aka aro daga Turkanci bai kore su ba, ya dai sa musu alamar tauraro, domin a ganinsa abin da mutane ke faɗa kullum ya zama nasu. Har ashar da zagi ya zuba a ciki, abin da ya ba maƙiyansa sandar dukansa na shekaru. Bugu na biyu, na 1852, ya kai kalmomi wajen 47,000.

Masu adawa da shi ba wawaye ba ne, ya kamata a faɗi wannan. Shugabansu, babban limamin cocin Karlovtsi Stefan Stratimirovic, yana jagorantar 'yan tsirarun Otodoks a cikin daular 'yan Katolika, kuma a wurinsa tsofaffin haruffan nan su ne igiyar da ta ɗaure jama'arsa da addininsu da kuma Rasha. Wanda ya san irin kallon da kakanninmu suka yi wa boko sa'ad da ya zo ya tarar da ajami ba zai yi mamakin wannan tsoro ba. Kuma tsoron bai tashi a banza gaba ɗaya ba, domin bayan nasarar Vuk littattafan ƙarni na 18 sun yi wa matasan Sabiya nisa, har a 1967 marubuci Mesha Selimovic ya fitar da littafi guda yana auna riba da hasarar gyaran. Mu ma yau, mutum nawa ne cikin masu digirin Hausa za su iya karanta waƙar Nana Asma'u daga takardar ajaminta ba tare da an mayar musu da ita boko ba?

Inda na fi ganin girman mutumin nan shi ne wajen mawaƙa. Sabiyawa suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da suke kira gusle, kusan kukumarmu, da shi ake rera dogayen waƙoƙin tarihi. Masu wannan sana'a makafi ne da mabarata da manoma da tsofaffin 'yan tawaye, mutanen da mai karatu ba ya zama tabarma ɗaya da su. A 1815 Vuk ya gamu da Teshan Podrugovic a Karlovtsi, ƙaton mutum da ya taɓa zaman daji yana yaƙar Turkawa, talauci ya mai da shi mai yankan kara a fadama yana kai wa kasuwa. Vuk ya ɗauki nauyin cinsa, ya zauna yana rubuta abin da ke bakinsa, har ranar da labari ya zo cewa an sake tayar da bore a Sabiya, Teshan ya bar waƙa ya tafi yaƙi. A shekarar nan kuma, a gidan 'yan zuhudu na Shishatovats, ya zauna da Filip Vishnyic, wanda agana ta makantar tun yana yaro, wanda kuma ya tsara waƙar farkon boren 1804 da kansa. Akwai kuma makafi mata masu bara, irin su Jivana da Yetsa, waɗanda waƙoƙinsu suka shiga kundinsa. Abin lura shi ne mun san sunayen nan. A gabatarwar kundinsa na 1833 Vuk ya zayyana wane ne ya ba shi wace waƙa, mutumin ina ne, yaya yake rera ta, me ya same shi daga baya. A zamanin da masu tattara adabin baka a Turai suka saba cewa kawai "daga bakin jama'a", shi ya ɗauki makaho mabaraci a matsayin mai fasaha da ke da suna.

Waje aka fara yaba masa, kamar yadda aka saba. Jacob Grimm, ɗaya daga 'yan'uwan nan biyu masu tattara tatsuniyoyin Jamus, ya koyi Sabiyanci saboda waƙoƙin, ya kuma fassara nahawun Vuk zuwa Jamusanci a 1824. Babban marubucin Jamus Goethe ya karɓi baƙuncinsa a 1823, Jami'ar Jena ta ba shi digirin girmamawa a shekarar, Sarkin Rasha ya yanka masa fansho a 1826, masanin tarihi Leopold Ranke kuma ya rubuta tarihin boren Sabiya a 1829 da bayanan da Vuk ya ba shi. Duk wannan bai hana shi zama cikin bashi ba. Littattafansa da kuɗin waɗanda suka biya tun kafin a buga ake fitar da su. Shi da matarsa Ana, 'yar Ostiriya, sun haifi 'ya'ya 13, biyu kacal suka rayu bayansa.

A gida kuwa, a 1832 ya aika wa Milosh doguwar wasiƙa, shi Milosh ɗin ko karatu bai iya ba sai an karanta masa, yana gaya masa cewa kusan babu wanda ke jin daɗin mulkinsa, kuma ƙasa tana bukatar doka da makarantu. A wannan shekara aka haramta buga littafi da haruffan Vuk a Sabiya. Ya ci gaba da yawo da sandarsa. A Dubrovnik da Montenegiro ya ji mutane suna furta sautin "h" wanda mutanen ƙauyensu suka daɗe da yarwa, sai ya mayar da baƙin cikin rubutunsa a kundin karin magana na 1836, bai tsaya kare matsayinsa na da ba. A 1847 abubuwa suka juya: fassararsa ta Sabon Alkawari ta fito, almajirinsa Juro Danicic ya rubuta littafin da ya rushe hujjojin masu adawa, matashin mawaƙi Branko Radicevic ya fitar da waƙoƙi da sababbin haruffan, Nyegosh mai mulkin Montenegiro kuma ya fitar da babbar waƙarsa da harshen jama'a. Vuk ya rasu a Viyana a 1864. Sai a 1868, shekara huɗu bayan mutuwarsa, gwamnatin Sabiya ta ɗage haramcin gaba ɗaya. A 1897 aka kwaso ƙasusuwansa aka binne a ƙofar babban cocin Belgrad.

Yaƙin haruffa mu Hausawa an riga an yi mana shi, ko da ba a gama ba. Bokon Hausa yana kusa da ƙa'idar Vuk, in ban da cewa ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Muna da ƙ da ɗ da ɓ, an zauna a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 don daidaita rubutu, duk da haka har yau Nijar na rubuta ƴ, Nijeriya na rubuta 'y. Abin takaicin shi ne baƙaƙen masu ƙugiya da aka sha wahala kafin a samar, mu da kanmu muke zubar da su a Facebook da WhatsApp, har da allunan hukuma, alhali wayar da ke hannunmu tana da su. Wannan kasala ce, kuma maganinta bai fi minti biyar na sauya madannin waya ba.

Babban gibin yana wajen tattarawa da ambaton suna. Dubi tarihin namu kundayen. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, mafi yawansa daga bakin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Bature matafiyi Barth ya tafi da shi Turai. Frank Edgar ya fitar da kundi uku na tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913, waɗanda malamai suka rubuta masa da ajami, amma tsofaffin matan da asalin tatsuniya ke bakinsu, babu wanda ya san sunansu. Rattray ya kyauta da ya ambaci Malam Shaihu a littafinsa na 1913. Ƙamusun Abraham na 1949 ya fito da sunan Malam Mai Kano a gefen nasa, amma yau ƙamusun Abraham kowa ke cewa. Rayuwar Baba ta Karo kuwa, sai da wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna gabanta sannan duniya ta ji ta a 1954. 'Yan gida sun yi nasu ƙoƙarin daga baya, Ibrahim Yaro Yahaya a kan tatsuniyoyi, Ɗandatti Abdulƙadir a kan Shata, Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙa, Jami'ar Bayero kuma da Ƙamusun Hausa na 2006. Sai dai hankalinmu ya fi karkata ga waɗanda rediyo ta riga ta ɗaukaka. Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma su an samu faya-fayensu. Mai waƙar daɓe fa, da mai waƙar niƙa, da maharbin da ya haddace kirarin dawa, da makahon da ke bara da waƙar da ya gada? Injin niƙa ya riga ya kashe waƙar niƙa a yawancin garuruwa, siminti ya kashe ta daɓe. Waɗanda suka iya su tsofaffi ne, kuma kowace damina ana rage su.

Akwai kuma wani sabon gauraye da ke tasowa a cikinmu, mai kama da wanda Vuk ya tarar a Viyana. Ba ina nufin aron kalma ba, domin Hausa ta ci Larabci ta ci Turanci ta ci Faransanci ta narkar, mota da asibiti da alƙali duk namu ne. Ina nufin Hausar da kalmominta na gida ne amma ƙashin bayanta na Turanci, irin wadda ake ji a wasu labaran rediyo da sanarwar ofis da takardun wayar da kai, inda mai fassara ya bi jimlar Turanci sawu da ƙafa. Tsohuwa a ƙauye ta saurara har ƙarshe, ta juya ta tambayi jikanta me aka ce. Abin da ya fi damuna shi ne an fara ɗaukar wannan a matsayin Hausar masu ilimi, ana kallon Sakkwatanci da Katsinanci da Damagaranci da Adaranci kamar maganar ƙauye da za a gyara. Bargery, a ƙamusunsa na 1934 mai kalmomi sama da 39,000, ya bi garuruwa yana nuna wace kalma ta ina ce. Wanda ya buɗe shi yau zai ga ɗaruruwan kalmomin noma da kiwo da saƙa da ƙira da shi bai taɓa ji ba, alhali wataƙila kakarsa tana faɗarsu. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma mai neman kalmar da zai fassara sabon abu da ita ya kamata ya fara leƙa can kafin ya ƙirƙiro wadda ba mai ganewa.

Amma Vuk ya yi wani tuntuɓe da bai kamata a ɓoye ba. Saboda tsananin yardarsa da harshe, ya ɗauka harshe shi ne ƙabila. A wata maƙala da ya buga a 1849 ya ce duk mai magana da karin harshen da ya gina rubutunsa a kai Basabiye ne, ko Otodoks ne ko Katolika ko Musulmi, ko da shi mai maganar bai yarda ba. Kuroshiyawa suka ƙi tun a lokacin, duk da cewa a 1850 wasu manyan marubutansu sun sa hannu tare da shi a Viyana kan a yi harshen rubutu guda. Zalunci ne a ɗora wa mutumin da ya rasu a 1864 jinin Musulmin Bosniya wajen 8,000 da aka kashe a Srebrenitsa a 1995, amma gaskiya ne masu son faɗaɗa Sabiya sun yi ta jingina da wannan ra'ayi nasa. Yau harshen da ya so ya haɗa kowa da shi suna huɗu gare shi, Sabiyanci da Kuroshiyanci da Bosniyanci da na Montenegiro, kuma masu su suna fahimtar juna ba tafinta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Jos da Kafancan da Yola da Agadas da zangon Kumasi akwai miliyoyin mutanen da ke ciniki da wa'azi da faɗa da soyayya da Hausa, wasu ma ita suka buɗi baki da ita, amma suna da sunan da suke kiran kansu da shi. Hausa ta yaɗu ne ta hanyar fatauci da malanta da zaman tare, ba a tambayi kowa ya bar asalinsa ba. Ranar da muka fara ƙirga su a matsayin Hausawa ba da yardarsu ba, ranar za su fara ƙyamar harshen, kuma za su yi gaskiya.

Vuk ya yi aikinsa da alƙalami da ƙafa ɗaya, yana roƙon mawaƙi ya maimaita har ya gaji. Yau ɗalibin sakandare yana yawo da na'urar ɗaukar murya a aljihu. Sassan Hausa na jami'o'inmu, daga Kano da Zariya da Sakkwato har Yamai, za su iya sa kowane ɗalibi ya kawo awa guda ta muryar wani tsoho ko tsohuwa daga garinsu kafin a ba shi shaida, a kuma adana ta inda kowa zai iya saurara. Kai ma mai karatu, in akwai irin wannan tsoho a gidanku, kada ka jira jami'a. Ka nemi izininsa, ka ɗauki muryarsa, ka rubuta sunansa da garinsu da ranar da aka ɗauka, kuma kada ka gyara masa Hausarsa.